Tarihin fiffiken rataya: yadda masu tashi sama suka koyi duba ƙugiya da gyaran tudu



Wataƙila wasunku sun ga wani bidiyo da ke yawo tun 2018. Wani Ba'amurke ne ya je buɗe ido ƙasar Suwis, kusa da garin Interlaken, ya biya kuɗi a tashi da shi sama da wani fiffike mai kusurwa uku marar inji. Suna barin ƙasa sai ya ga ashe ba a maƙala shi ba, matuƙin ya manta. Minti biyu da ƴan daƙiƙu ya yi yana reto, hannuwansa kawai ke riƙe da shi, itatuwa na can ƙasa. Da yake da sauran kwana, ya tsira da karaya a wuyan hannu. Wasu sun yi dariya, wasu sun ce ai neman mutuwa ne da kuɗinka. Mu kuwa muka ce bari mu bi wannan wasa tun daga tushe, mu ga yadda aka yi ƙugiya guda ta zama abin da rai ya rataya a kai.

Da Faransanci sunansa deltaplane, mu za mu kira shi fiffiken rataya. Bututun alminiyam ne da yadi mai ƙarfi, faɗinsa kamar mita 10, nauyinsa kilo 25 zuwa 35. Mutum na sa wata ɗamara mai kama da buhu, a maƙala ta da ƙugiya a tsakiyar fiffiken, ya kwanta rub da ciki yana riƙe da ƙarfe. In ya karkata jikinsa dama, fiffiken ya bi dama. In ya ja ƙarfen, gudu ya ƙaru, in ya tura, ya ragu. Abin da ke ɗaga shi kuwa shi ne abin da ke ɗaga shirwa da ungulu da tsakar rana: iska mai zafi da ke tasowa daga ƙasa. Da wannan iska kaɗai, a watan Yuli na 2012, Dustin Martin ya yi kilomita 764 daga garin Zapata na jihar Teksas. Ya fi nisan Yamai zuwa Maraɗi, ba ɗigon mai.

Tushen abin yana Jamus. Otto Lilienthal, injiniya ne da aka haifa a 1848, shi da ƙanensa Gustav suka shekara da shekaru suna kallon tsuntsaye dangin shamuwa, suna auna lanƙwasar fiffikensu. A 1891 ya fara tsalle daga tudu da fiffiken da ya haɗa da sanduna da yadin auduga. Sai ya gane cewa fiffike kaɗai bai isa ba, sai da wurin tashi mai kyau. A 1894 ya sa aka tara masa ƙasa a Lichterfelde, bakin birnin Berlin, aka yi tudu mai tsawon mita 15, mai siffar jinka, don ko ta ina iska ta fito ya iya fuskantarta. To kun ji, mutumin farko da ya yi wannan wasa shi ne kuma na farko da ya yi aikin gyaran fili. Ya tashi fiye da sau 2,000, wani lokaci har mita 250.

Ran 9 ga Agusta 1896, a tudun Gollenberg, fiffikensa ya tsaya cik a sama, hancin ya kifa, karkata jiki bai yi amfani ba. Ya faɗo daga kamar mita 15, ƙashin wuya ya karye, washegari ya rasu yana da shekara 48. A 1899 Percy Pilcher na Ingila shi ma ya mutu bayan wutsiyar fiffikensa ta karye a sama. Bayan ƴan uwan nan biyu, su Wright, sun tashi da jirgi mai inji a 1903, sai hankalin duniya ya koma can, aka kusan manta da rataya.

Abin ya dawo ne ta ɗakin girki. A 1948, Francis Rogallo, injiniya a jihar Bajiniya ta Amurka, da matarsa Gertrude suka ɗinka wani fiffike mai laushi da tsohon labule. Hukumar NASA ta gwada dabarar don sauko da kumbon Gemini, daga baya ta bar ta, ta koma ga laima. Amma hotunan sun riga sun shiga jaridu. A 1963, a garin Grafton na Ostiraliya, John Dickenson ya ga hoto, ya haɗa nasa da ledar da ake rufe ayaba da ita, ya ƙara masa ƙarfen riƙo mai kusurwa uku da wurin zama mai lilo. Da kwale-kwale mai inji aka ja shi a kan kogin Clarence. Wannan ƙarfen riƙon shi ake amfani da shi har yau. Ƴan ƙasarsa biyu, Bill Moyes da Bill Bennett, suka yaɗa abin a duniya.

Ran 23 ga Mayu 1971, ranar zagayowar haihuwar Lilienthal, wasu matasa suka taru a wani tudu a Newport Beach ta Kaliforniya da fukafukan gora da leda. Ka'idarsu a lokacin guda ce: kada ka yi sama fiye da inda za ka yarda ka faɗo. Amma wa zai tsaya nan? Cikin shekara biyu uku aka bar tudun rairayi aka hau manyan duwatsu. Kowa na haɗa nasa a bayan gida, ba malami, ba kaske, ba laimar ceto. A tsakiyar shekarun 1970, a Amurka kaɗai, gommai ke mutuwa a shekara guda.

Babban makashin shi ne wannan: yadin tsohon fiffiken ba abin da ke riƙe siffarsa sai iska. In hanci ya yi ƙasa da yawa, iska ta fice, yadin ya kama kaɗawa kamar tuta, duk yadda mutum ya tura ƙarfe ba ya tasowa har ƙasa. Maganin da aka samo shi ne siraran sanduna da ake zurawa cikin yadin, da igiyoyi da ke ɗage gefen baya don hanci ya ɗago da kansa. Masu ƙerawa suka fara ɗaure fiffike a saman mota suna gudu da shi don a ga inda zai karye kafin a sayar. Aka shigo da laimar ceto da kaske. A Faransa aka kafa tarayyar FFVL a 1974, a Jamus aka kafa DHV a 1979, a Amurka ƙungiyarsu ta fito da matakan gwaji, ba a barin sabon shiga ya hau tudun manya. Kusan kowace doka a cikin waɗannan, bayan jana'izar wani aka rubuta ta.

Fiffike ya gyaru, mutuwa ta ragu. Sai abu guda ya rage wanda injiniya bai iya gyarawa: mantuwa a wurin tashi. Wajen tashi da wajen sauka nan ne haɗari ya fi yawa, kuma mantuwar ƙugiya ba ta bar ƙwararru ba. Hausawa sun ce, ido wa ka raina? Wanda nake gani yau da gobe. Mutum ya maƙala, iska ta juya, ya cire don ya je ya duba, wani ya yi masa magana, iska ta dawo daidai, ya ɗauki fiffike ya ruga. A watan Afrilu 2012, a lardin British Columbia na Kanada, wata matashiya da aka ɗauka yawo ta faɗo ta mutu saboda ba a maƙala ta ba. Kotu ta ɗaure matuƙin.

Shi ya sa suka mai da duba ya zama al'ada. Bayan an haɗa fiffike, mai shi zai zagaye shi, ya taɓa kowane ƙusa da kowace waya, in an katse shi da magana ya koma farko. Sannan gwajin rataya: abokinsa ya riƙe hancin fiffiken, shi kuma ya kwanta ya saki nauyinsa duka, a ga ƙugiya ta ɗauke shi, a ga ta kulle. Wasu ma sun ɗauki wata dabara da ake dangantawa da ƴan Ostiraliya: a maƙala ɗamarar tun wajen haɗa fiffike, mutum ya shiga cikinta a can, in zai fita ya bar ta a rataye. A bakin tudu dole iska ta fuskance shi, fukafukai su daidaita, hanci kar ya ɗaga da yawa. In iska na da ƙarfi, abokai ke riƙe wayoyin gefe, ba mai saki sai matuƙi ya ba da umurni. In kuma ya fara gudu, to ba waiwaye, don rabin gudu ya fi tsayawa haɗari. Kun lura duk wannan ba na mutum ɗaya ba ne. Ko wanda ya shekara talatin yana tashi, yaro sabon shiga na da ikon tambayarsa: ka maƙala?

Nan muka zo kan tudun kansa. Iska in ta bugi itace ko ɗaki, bayansa birkicewa take yi, kamar ruwan gulbi a bayan dutse. Itacen da bara bai kai ƙugu ba, bana zai iya kifar da mutum. Dandamalin katako da ake gudu a kai yana ruɓewa da damina. Tutar da ke nuna iska tana yagewa. Hanya na zaizayewa, kuma ta nan motar asibiti za ta bi ranar da aka buƙace ta. Ba gomnati ke wannan aiki ba, ƴan kulob ne. Sukan sa rana su fito da adda da shebur da guduma, irin gayyar da muka sani. Su ne kuma ke zuwa wurin mai gona a nemi izinin sauka, a yi alƙawarin ba za a taka shuka ba, ba za a bar ƙofar garke a buɗe ba, a nuna wa baƙo inda wayar lantarki ta ratsa. Mutum ɗaya in ya ɓata wa mai gona rai, kowa ya rasa fili.

Inda aka riƙe wannan amana, wurin ya ɗore. A Saint-Hilaire-du-Touvet, kusa da Grenoble a Faransa, tun 1974 ake bikin Coupe Icare, daga kan dutse ake tashi a sauka a filin Lumbin. A Rio ta Barazil, daga dandamalin Pedra Bonita ake tashi a sauka bakin teku a São Conrado. A Amurka kuwa, da kamfanonin asurans suka janye, masu fili da yawa ba za su bari a tashi ba in babu takarda. Sai ƴan ƙungiyar suka tara kuɗi daga aljihunsu, a 2016 suka kafa asurans tasu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tudun da Lilienthal ya tara a 1894 yana nan har yau a Berlin. Tun 1932 aka mai da shi wurin tunawa, ana hawa da matakala.

Mun sani ba wasanmu ba ne, kuma ba cewa muke ku je ku nemi dutse ba. Amma muna da namu abin hawa da muke gani yau da gobe. Mai kabu-kabu da ya rataye kaske a madubi, da direban da bai taɓa birki ba kafin ya bar tasha, da fasinjan da ya ga taya ta suɗe ya yi shiru don kar a ce ya cika magana, duk a bakin tudu ɗaya suke tsaye da matuƙin nan na Suwis. Su can shekaru suka ɗauka, da rayuka da yawa, kafin tambayar "ka duba?" ta daina zama raini.

Ku gaya mana, a sana'arku mene ne abin da kuke dubawa kafin ku fara aiki, kuma wa ya koya muku? Za mu karanta wasu amsoshin a shiri na gaba, in Allah ya kai mu. Allah ya tsare mu da tsarewarsa.