Zungeru: Garin da Mulki Ya Raya, Mulki Ya Bari

Matafiyin da ya ratsa Zungeru a yau, a ƙaramar hukumar Wushishi ta Jihar Neja, da wuya ya yarda cewa daga wannan ɗan gari aka taɓa mulkar Arewacin Nijeriya baki ɗaya. Amma haka tarihi ya nuna.

A 1902 ne Gwamna Lugga ya ɗauke hedkwatarsa daga Jebba ya kafa ta a nan, a gaɓar kogin Kaduna. Daga nan aka tsara yaƙin da ya ci Kano a watan Fabrairu na 1903, ya kuma ci Sakkwato a watan Maris. Cikin 'yan shekaru aka gina gidan gwamna da barikin soja da ofisoshi, har da gidan renon yaran da aka 'yanto daga bauta. Akawuna da 'yan ƙwadago suka yi ta kwararowa daga kudu. A gidan ɗaya daga cikin akawunan ne aka haifi Nnamdi Azikiwe a 1904, kuma da Hausa ya fara buɗe baki. A garin ne kuma aka haifi Odumegwu Ojukwu a 1933. Shugaban Nijeriya na farko da jagoran Biyafara duk a Zungeru aka yanke musu cibiya.

Sai dai abin da hukuma ta bayar, ita ta karɓe. Zafi da sauro sun dami Turawa, ga kuma Kaduna a kan layin dogo, kusa da manyan masarautu. A 1917 hedkwata ta koma can. Hatta gadar ƙarfen da Lugga ya sa aka gina, daga baya kwance ta aka yi aka kai ta lambun Gamji da ke Kaduna, inda take har yau.

Abin da ya rage wa Zungeru shi ne kufan gidan gwamna, maƙabartar Turawa da tashar jirgin ƙasa. Yanzu an fi jin sunan garin saboda madatsar ruwa mai ƙarfin megawat 700. Kufan kuwa ciyawa na cinye su kowace damina. Idan suka shafe, ɗalibin da ke son ganin inda aka fara shimfiɗa mulkin mallaka a Arewa ba shi da wurin zuwa sai shafin littafi.