Furostagilandin da Tofowar Hanta

Hanta gaɓa ce da ke mayar da abin da aka yanke mata. A 1931 masu bincike biyu a asibitin Mayo na Amurka, Higgins da Anderson, suka cire kashi biyu bisa uku na hantar ɓera, cikin kwana goma sai ga ragowar ta cika ta koma nauyinta na da. Tun daga nan masana suka shiga neman abin da ke tayar da ƙwayoyin hanta su soma rarrabuwa.

Wani ɓangare na amsar ya fito ne daga binciken haihuwa. A 1935 Ulf von Euler na ƙasar Siwidin ya raɗa wa wani sinadari da ya samu a maniyyi suna furostagilandin. Yana sa mahaifa ta tsuke, yana kuma saukar da hawan jini. Sune Bergström da Bengt Samuelsson suka gano cewa jiki na haɗa irin waɗannan sinadarai ne daga wani nau'in kitse, nan take, a duk inda aka ji rauni. A 1971 John Vane na Ingila ya nuna cewa asfirin na kashe ciwo ne ta hanyar hana jiki haɗa su. Su ukun suka raba kyautar Nobel a 1982.

Masu nazarin hanta ba su yi sanya ba. A shekarun 1970 aka lura cewa ɓeran da aka yanke wa hanta, in an ba shi maganin kumburi indometasin, wanda shi ma yake hana jiki haɗa furostagilandin, tofowar kan ja da baya. A 2001 David Rudnick da abokan aikinsa a St. Louis suka nuna haka a kan ɓeraye, suka danganta shi da sinadarin COX-2 da jiki ke haɗa furostagilandin da shi. A 2015 ayarin Sanford Markowitz a Cleveland ya bi ta ɗaya hanyar: suka toshe abin da ke rusa furostagilandin E2, hantar ɓerayen ta yi saurin cikowa. A kan dabbobi aka yi duk waɗannan gwaje-gwaje, amma sun buɗe ƙofa mai faɗi ga masu tiyata, musamman tun da aka soma gutsuro hantar mai rai ana dasa wa majinyaci cikin nasara a 1989.

Labarin bai yi nisa da mutanen karkarar Nijeriya ba. Misoforostol, ƙwayar da ake ba mai jego don tsayar da zubar jini, furostagilandin ce ta haɗawa, kuma Nijeriya ta yi mata rajista don wannan aiki a 2006. Manomin da ya wuni yana huɗa, ya biya kemis da yamma ya sayi daikilofenak ko ibufurofen don ciwon jiki, shi kuma hana jikinsa haɗa sinadarin yake yi. Ga mai lafiya da ke sha jefi-jefi, da sauƙi. Abin damuwa shi ne ciwon hanta nau'in B yakan daɗe a jiki ba a sani ba, ga kuma gubar afulatoksin da ke ɓoye cikin gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a rumbu, ita ma tana lalata hanta. Idan hanta ta riga ta ƙandare, furostagilandin ce ke riƙe wa ƙoda hanyar jini, shi ya sa likitoci ke hana irin wannan majinyaci waɗannan ƙwayoyi, gudun kada ƙodarsa ta tsaya ko ya yi aman jini.