Daga Hatimin Waziri Zuwa Babban Yatsa: Tarihin Murya a Takardun Aiki

'Yan uwa, da yawanmu da ke aiki a ma'aikatun Abuja mun san yadda gaba ke faɗuwa idan mutum ya tura wa shugabansa dogon bayani ta WhatsApp, amsa ta dawo da babban yatsa 👍 kaɗai. Ya amince ne, ko cewa yake a ƙyale shi? Wannan zullumi ya girmi wayar salula nesa ba kusa ba, domin rubutu ba shi da fuska, kuma kowane zamani sai da ya nemo abin da zai tsaya a madadinta.

A Daular Usmaniyya da Larabci ake rubuta wasiƙun hukuma, kuma yawancin na tsakanin Sarkin Musulmi da sarakuna ta hannun Waziri suke bi. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903 sun samu tarin irin waɗannan wasiƙu a gidan Waziri Buhari, H. F. Backwell ya shirya fassararsu aka buga a Legas a 1927. Sau da yawa ainihin saƙon gajere ne, amma kafin a iso gare shi sai an wuce hatimi, laƙabi, gaisuwa da addu'a. A nan mai karatu ke gane matsayinsa a wurin mai aikowa. Ga kuma manzo, wanda ya ga fuskar sarki lokacin da aka ba shi takardar, zai cika sauran da baki. Wasiƙun iyayenmu na Hausa wannan tsari suka gada: "takarda ta fito daga hannun wane", "bayan gaisuwa da fatan alheri", a rufe da "haza wasalam". Wanda ya tsallake gaisuwa, to ya riga ya faɗi wani abu.

Ofishin Bature akasin haka ya koyar. Akawu ya zauna gaban tafireta ya buga "an umarce ni in sanar da kai", don kada a ga mutum a cikin takardar, sai hukuma. Amma fushi ba ya rasa ƙofa. Ya koma gefen fayil, inda kalma biyu ta babba, "zo ka same ni", kan hana ma'aikaci barci. Shi kuwa masinja, ba tare da an naɗa shi ba, ya gaji aikin manzo: yana ajiye fayil zai raɗa maka ko yau maigida na cikin walwala.

Da gwamnati ta taso daga Legas ranar 12 ga Disamba 1991, fayiloli da salonsu suka biyo ta Abuja. A Sakatariyar Tarayya, Bahaushe da Bayarabe da Ibo da Gbagyi sun haɗu a kan Turancin ofis, gaisuwarmu ta koma baranda da bakin masallaci. Da layukan GSM suka zo a 2001, saƙon tes harafi 160 ne kuma kuɗi ake biya, sai muka datse sallama ta zama "slm", godiya ta zama "ngd". Kullen korona da ya fara a Abuja ranar 30 ga Maris 2020 ya ƙarasa aikin: ba baranda, ba masinja, sai zaurukan WhatsApp.

Wannan giɓi ne 'yan hotunan nan na emoji suka shigo cikewa. Tun 1982 wani malamin jami'a a Amurka, Scott Fahlman, ya kawo shawarar alamar :-) saboda abokan aikinsa na ɗaukar raha da gaske. A 1999 Shigetaka Kurita ya zana guda 176 don wani kamfanin waya a Japan. Sai dai ba a zana su da sanin babba da yaro irin namu ba. Babban yatsa daga darakta zuwa ƙaramin ma'aikaci ba laifi. Daga ƙarami zuwa darakta kuwa, a idon dattawanmu, kamar gaida uba ne a tsaye. Ko 🙏 da muke sa wa don girmamawa, wani godiya yake gani, wani roƙo, wani ibadar da ba tasa ba, shi ya sa da yawanmu suka koma 🤲 bayan fitowarta a 2017.

Kada kuma a ɗauka wasa ne. A 2023 wata kotu a Kanada ta yanke cewa babban yatsan da wani manomi ya tura amincewa ce da kwangila, aka ci shi diyyar kimanin dalar Kanada 82,000. Masu ba da izinin sayayya ta waya su lura.

A zaurukan ofisoshinmu yanzu matasa kan rubuta "To, ranka ya daɗe" ko "Allah ya ƙara girma, Hajiya" tukuna, sannan su liƙa alama a ƙarshe. Dattawa kuwa da dama sun bar rubutun gaba ɗaya sun koma saƙon murya, inda za a tambayi gida da iyali da gajiya kafin a ambaci lambar fayil.