Ranar Tunawa da Waɗanda Aka Kashe

A shekarar 1994 an kashe mutum wajen 800,000 a Ruwanda cikin kwana 100, yawancinsu 'yan ƙabilar Tutsi. A Disambar 2003 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ware 7 ga Afrilu don tunawa da su.

To, mu fa? An zubar da jini a Zangon Kataf a 1992, haka a Yelwan Shendam a 2004, har Majalisar Tarayya ta amince da dokar ta-ɓacin da Obasanjo ya kafa a Filato. Bayan wata 6 dokar ta ƙare, marayu kuwa suna nan.

'Yan'uwa mazauna Jabi, ga majalisar nan kusa da mu. Mu roƙi wakilanmu su tsayar da ranar addu'a ga duk wanda aka kashe, Musulmi da Kirista. Allah ya kiyaye gaba.