Malfar Jaji

'Yan'uwa mazauna zango, mu tuna da Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864. Ita ce ta kafa 'Yan Taru. Takan naɗa mace jaji, ta ba ta malfa da jan rawani. Jaji ta kwaso 'yan mata da tsofaffi daga ƙauye, su zo wurin Nana su ɗauki karatu cikin waƙoƙi, su koma gida su koyar. Yarinyar da jiya ba ta iya buɗe baki cikin mutane, yau ita ake tambaya hukuncin alwala.

To mu fa? Duk dogon hutu 'ya'yanmu mata suna tasha da farantin talla. Kuɗin aji ɗaya na hutu bai fi ƙarfin ƙungiyarmu ba.