Daga Miyar Yanayi Zuwa Gidan Abinci a Nassarawa

Mai karatu, duk ranar da ka kai iyalinka cin abinci a Nassarawa GRA, ka tuna cewa asalinta unguwar Turawa ce. Bayan sun ci Kano a 1903, a nan suka kafa mazauninsu, a wajen ganuwa. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa, 'yan Labanan suka yawaita a gari. Daga girkinsu ne shawarma ta shiga bakinmu daga baya.

A wancan zamani Bakano tuwon gida ya sani, kuma yanayi ne ke zaɓa masa miya: rama da tafasa da ɗanyar kuɓewa da damina, kabewa da sabuwar gyaɗa da kaka, kuka da busasshiyar kuɓewa da rani. Da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, noman rani ya kankama a Kadawa, tumatir da albasa suka cika kasuwar 'Yankaba da hunturu.

Gidan abinci na yau bai san damina ko rani ba. Soyayyen abu da lemon kwalba kullum suna nan, ga gishiri, ga mai, ga sukari. Idan kana fama da hawan jini ko ciwon suga, nan ne tarko. Ka tambayi ganyen da ke yayi, ka fifita gasasshe a kan soyayye, ka roƙi a rage gishiri, ka sha ruwa maimakon lemo. Kakanninmu yanayi ne ya yi musu zaɓi, kai kuwa zaɓin yana hannunka.