Daga Lifidi Zuwa Farantin Ƙarfe a Arewacin Zamfara

Motar da ke bin hanyoyin Birnin Tsaba da sauran garuruwan ƙasar Zurmi ba ta daɗewa a yadda kamfani ya ƙera ta. Kafin ta ga damina biyu an kai ta wurin mai walda. A ɗaura mata ƙarfe a gaba saboda shanu da kututture, a shimfiɗa faranti a ƙarƙashin inji don kada dutse ya fasa kaskon baƙin mai, a ƙara ganyen sifirin, a kafa keji a baya domin buhuna da fasinja. Tun da 'yan bindiga suka addabi yankin kuma, zancen liƙa ƙarfe a ƙofa saboda harsashi ya shigo cikin hira. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin sana'ar da mota ta zo da ita. A ganina ta girmi mota nesa ba kusa ba. Ƙasar nan ta yi ɗaruruwan shekaru tana suturta abin hawa, kuma tarihin wannan aiki ya nuna cewa da nauyi ake sayen kowace kariya, sannan kowace kariya makami guda aka yi ta domin ta tare.

Abin hawan daji na wancan zamani doki ne, farantinsa kuwa lifidi. Tarihin Kano ya kawo cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga wajen 1390 zuwa 1410, shi ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke, bayan asarar mayaƙa da ya yi a yaƙi da Umbatu. Wato tun asali wahala ce ta haifi abin, ado daga baya ya biyo. Yadda ake yin sa ma ya isa shaida. Maɗinki zai haɗa ƙyalle biyu na saƙi, ya cusa audugar rimi a tsakani, ya bi da ɗinki layi-layi don kada audugar ta taru wuri ɗaya, har abin ya yi kaurin da kibiya za ta nutse ta tsaya ba ta taɓa fata ba. A ƙasar da ake shafa wa kibiya dafi, inda ƙwarzane kaɗan kan kai doki ƙasa, wannan tazara ita ce rai. Lifidin yakan rufe wuya da ƙirji da gindi ya sauko wajen gwiwa, amma a bar ƙafafu a sake, a bar ido da hanci. Baduku ya yi majayi da maɗauri, maƙeri ya yi likkafa da linzami da kwalkwali. Sana'o'i uku ke nan a kan doki guda, kuma gwanintarsu tana wurin sanin inda za a bari a buɗe.

Arewacin Zamfara ya ga wannan kaya a bakin aiki, domin nan ne fagen da Zamfarawa da Gobirawa da Katsinawa suka daɗe suna gwabzawa. Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara a tsakiyar ƙarni na 18, Gobirawa suka zauna a Alkalawa. A watan Yuni na 1804, a Tabkin Kwatto, Sarkin Gobir Yunfa ya fito da 'yan lifidi, jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kuwa dawakinsu ba su wuce ashirin ba, ƙarfinsu 'yan baka ne a ƙasa. 'Yan baka suka yi nasara. A 1808 Alkalawa ta faɗi, kuma cikin jagororin da suka kewaye ta akwai Namoda, wanda Kaura Namoda ke ɗauke da sunansa.

Mai musu zai ce ai Tabkin Kwatto ya nuna lifidi ba shi da amfani, kayan alfarma ne kawai na sarakuna. Wannan magana ba ta tsaya ba, domin waɗanda suka ci yaƙin su ne suka rungumi lifidi da zarar sun samu dawaki, har sarautar Lifidi ta zauna daram a fadodin daular Sakkwato. Mutanen da suka san yaƙi kamar Muhammadu Bello ba za su ciyar da doki da gero shekara guda saboda kwalliya ba. Abin da suka fahimta shi ne lifidi yana da gurbinsa. Dokin da aka lulluɓe ba ya sukuwa mai nisa, zafi na gajiyar da shi, audugar rimi kuma tana kama wuta nan da nan. Saboda haka 'yan lifidi kaɗan ne a runduna, aikinsu fasa sahu da tsare sarki, kuma ba sa tafiya sai da dakaru a ƙasa. Sauran mahaya garkuwa da mashi suka riƙe, suka bar wa doki saurinsa.

Baturen nan Hugh Clapperton, wanda ya ratsa Zurmi a 1824, ya ga iyakar lifidi da idonsa a 1826, lokacin da rundunar Bello ta kewaye Konya a ƙasar Gobir. Ya ba da labarin cewa sai an kama wa ɗan lifidi kafin ya hau, dokin kuma da ƙyar yake wuce tafiya. Mai bindiga guda daga cikin ganuwa ya harbo na gabansu, harsashi ya ratsa lifidin, sai dakaru suka janye shi. Abin da aka ɗinka domin kibiya bai san harsashi ba. Wannan darasi ya dawo da tsada mai yawa a ƙarshen Fabrairu 1903, a Kwatarkwashi, kudu da Kaura Namoda, inda mahayan Kano ƙarƙashin Waziri Ahmadu suka yi ta afka wa sojan Turawa da ba su kai hamsin ba. Jaruntaka ba ta yi ƙaranci ba a ranar, Waziri da kansa a nan ya kwanta. Makamin ne ya canza, kariyar ba ta canza ba.

Daga nan lifidi ya koma hawan salla. Jirgin ƙasa ya iso Kaura Namoda a 1929, gyaɗa da auduga suka riƙa gangarowa tasha daga Shinkafi da Zurmi, da farko a bayan jakuna da raƙuma, daga baya a lori mai bodin katako. Land Rover ta fito a 1948, Hilux a 1968, kafinta da maƙeri da mai walda suka gaji aikin maɗinki da baduku.

Wani zai ce doki daban, mota daban: inji ba ya gumi, ba ya jin ƙishirwa, don haka a loda masa ƙarfe yadda aka ga dama. Lissafi bai yarda ba. Farantin ƙarfe mai kaurin milimita 6, mita ɗaya tsawo mita ɗaya faɗi, nauyinsa kusan kilo 47 ne. Hilux kuwa abin da aka ƙayyade mata ta ɗauka bai wuce wajen tan guda ba, har da direba da fasinja. A rufe ƙofofi huɗu da bayan kujera da gaba, an cinye kaso mai tsoka na wannan kafin a ɗora buhu ɗaya. Sifirin ya kwanta, cikin motar ya matso ƙasa, birki ya ƙara nisa kafin ya kama, mai ya ƙara tafiya. A rairayin gulbin Bunsuru ko na Gagare, inda mota mara nauyi kan lallaɓa ta haye, mai nauyin sai ta nutse har gindi. Ƙarfen gaba in an toshe shi da yawa yakan hana lagireto iska, faranti a ƙasa in ba a huda shi ba yakan tara laka da busasshiyar ciyawa kusa da salansa mai zafi, wutar da ake gudu a audugar rimi ta sake samun ƙofa.

Abin da ya fi damuna shi ne batun harsashi. Ƙarfen da ake saya a kasuwa ana yin ƙofar gida da shi ba ƙarfen sulke ba ne. Harsashin AK-47 yana huda milimita 6 na irinsa daga kusa, ya kuma watso ɓarɓashi cikin mota. Ƙarfen sulke na gaskiya gasa shi ake yi ta hanya ta musamman, zafin walda na rage masa tauri a bakin ɗinki, ga gilashi da taya suna nan a buɗe. Direban da ya liƙa irin wannan faranti ya sayar da saurinsa, wanda shi ne kariyarsa ta gaskiya a hanyar daji, ya karɓi ƙwarin gwiwar da zai sa shi shiga inda da zai kauce. Kuskuren Konya ke nan aka maimaita da kuɗin talaka. Tsaron hanya kuwa aikin hukuma ne, babu mai waldar da zai iya ɗauke mata shi.

Wannan ba hujjar raina sana'ar ba ce. Farantin ƙarƙashin inji abu ne mai kyau ƙwarai, domin an san abin da yake tarewa: dutse da kututture da gefen kwalbatin da ruwa ya zaizaye. Na milimita 3 zuwa 4 ya wadatar, a ɗaure shi da noti a jikin shasi maimakon a kama shi da walda, a bar ramin juye baƙin mai da na zubar laka. Direbobin Zurmi da Shinkafi da Kaura Namoda, kafin ku biya kuɗin kowane ƙarfe ku tambayi mai walda abin da zai tare da kilo nawa zai ƙara wa motar. In bai ba ku amsa biyun ba, kada ku bari ya kunna wuta.